Ranar da Jaɓa Ta Fi Kowa Kyau

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ku iza wutar.

Ta zo mu ji ta, ko da mai ɗaci ce.

Jaɓa ce da uwarta. Su biyu kaɗai suka rage a gidansu, in har za a kira wurin gida. Rami ne a gindin katanga, daidai bakin rariya, inda ruwan wanke-wanken unguwa yake bi ya fita. Da rani danshi, da damina tafki. Uwar ta tsufa, idanunta sun dushe, ga tari ya kama ta, irin tarin nan da yake farawa kamar ana kankare ƙwarya, ya ƙare kamar ana tsaga kara. In ta yi ta yi ta gaji, sai ta ce, "Auta, hadari ne ya haɗo?"

Jaɓa ta ce, "Da saura, Inna."

Alhali gabas ta yi baƙi, iska tana ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani gari. Jaɓa ta san abu guda: in ruwa ya sauka ya tarar da Inna a ramin nan, ba za ta ga kaka ba.

Ana nan, ana nan, sai Zakara mai shela ya hau kan juji ya kaɗa fiffike. Ya ce, "Ku saurara! Bauna mai dukiya ya sa gasar kyau ranar kasuwa a dandali. Mai ƙafa huɗu ta zo, mai ƙafa biyu ta zo, mai jan ciki ma ta jawo. Malam Dila ne alƙali. Wadda ta ci, an ba ta rumbu cike da gero, sabon yaɓe, sabuwar jinka, a ɗore kan duwatsu, ko ɗigo ba ya shiga!"

Jaɓa ta ji gero, yawunta ya tsinke, don ita ma ba waliyyiya ba ce. Amma "ko ɗigo ba ya shiga" shi ne ya tsaya mata a ƙirji. Ta ruga gida ta ce, "Inna, zan shiga gasar kyau."

Inna ta ce, "Da wane kyau?"

"Da wanda kika haife ni da shi."

"To ai shi nake tambaya."

Jaɓa ba ta kula ba. Ta san bakinta da tsini, ta san idanunta kamar an ɗiga ƙwayar gero, ta san kuma in ta wuce wuri sai an toshe hanci. Amma ta ce kwalliya ai don irinsu aka yi ta. Abin da ya rage kawai kayan kwalliyar, ita kuwa ko tsumman goge ƙafa ba ta mallaka ba.

Ta tafi gidan Barewa. Ta tarar da ita tana rambaɗa kwalli. Ta ce, "Yaya Barewa, aro na zo, ba roƙo ba. Ɗan kwalli."

Barewa ta duƙo ta dube ta, ta ce, "A ina za ki sa shi? Ni ban ga idon ba. Kuma da kin zo jiya."

Ta tafi gidan Zabuwa. Ta tarar da ita tana turara jiki. Ta ce, "Yaya Zabuwa, aro na zo, ba roƙo ba. Ɗan turare."

Zabuwa ta ce, "Tsaya daga nan, kada ki shigo! Ke ko kasuwar turare aka ƙona a kanki, kasuwar ce za ta yi asara. Kuma da kin zo jiya."

Ta tafi gidan Hawainiya dillaliya, mai zannuwa iri-iri. Ta ce, "Gwaggo, aro na zo, ba roƙo ba. Ɗan zane, ko wanda ya koɗe."

Hawainiya ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma, ta ce, "'Yar nan, zanen da ya hau jikinki ya gama aure. Wa zai saya? Kuma da kin zo jiya."

Jaɓa ta ce a ranta, wannan jiyan dai ta sha baƙi.

Sai ta koma ga abin da ba a saye. Ta daka gawayi ta yi kwalli. Ta kwaɓa jar ƙasa ta yi lalle. Ta shafa toka a fuska ta zama hoda. Ta ɗaura ganyen gwaza, ta soke shi da ƙaya, ta yi jigida da busasshen kashin awaki. Ta leƙa ruwan rariya ta ga kanta, ta ce, "Ba laifi." Ta nufi inda masu gasa suke zuwa nuna kansu ga alƙali.

Tana isa wurin ya yi tsit. Can sai Zabuwa ta fashe, Barewa ta kama, har Bauna da ba ya dariya ya yi ta bubbuga ƙasa da kofato. Malam Dila ya share hawaye da bakin rawani, ya ce, "Yarinya, gasar kyau aka ce, ba tashe ba. Amma ba a hana kowa. Ki zo ranar, jama'a na son abin dariya."

Jaɓa ta juyo, zufa ta wanke tokar, gawayin ya gangaro mata har baki. Ba ta so Inna ta ji ta dawo da wuri, sai ta zaga ta bayan gari. A nan ta tarar da tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan Tunku. Ashe tsohon ya mutu.

To Tunku kuwa kowa ya san shi. Ɓarawon kaji ne, mafaɗaci, ga ɗoyin da ya fi na Jaɓa nesa ba kusa ba. Da ransa ba wanda ya taɓa amsa masa sallama da fuska a sake. Jaɓa ta laɓe a bayan tukunya tana saurare.

Wannan ya ce, "Allah ya ji ƙan Tunku, mutum mai fara'a."

Wancan ya ce, "Ga tsabta."

Wata kaza da ya cinye wa 'ya'ya ta ce, "Ga son yara."

Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar makoki ya san wannan. Mutanen da ba su leƙo ba ana jinya, su ne suke zuwa da manyan riguna da manyan maganganu, su faɗa, su karkaɗe riga, su tafi, su bar ka da tabarma.

Jaɓa ta daɗe a bayan tukunyar. Gashin bakinta ya fara rawa. Ta ce, "Ashe akwai kwalliyar da ba a saye. Kwanciya kawai ake yi."

Ta yi tunanin ta gaya wa Inna. Sai ta ce a'a. Inna ba ta iya ƙarya ba, in ta sani kukanta ba zai yi kama da kuka ba. Bari dai ta yi na gaske na ɗan lokaci, in ya so a share mata hawaye a cikin rumbu.

Ranar kasuwa ta zo. Hantsi ya yi, makaɗa sun fara ɗaure ganguna a dandali. Jaɓa ta fito bakin rami, ta kwanta rigingine, ta miƙe ƙafafu, ta saki baki, ta ɗauke numfashi sai kaɗan-kaɗan.

Inna ta lalubo tana kira, "Auta? Auta, ina kika shiga?" Ƙafarta ta taɓa ta. Ta duƙa ta shafa fuskar, ta shafa ƙirjin, ta girgiza ta. Sai ta yi wani irin kuka. Ba mai ƙara ba ne. Siriri ne, kamar zaren da ake ja daga cikin ƙirji, ana ja, ana ja, ya ƙi ƙarewa. Jaɓa ba ta taɓa jin irinsa ba. Saura ƙiris ta tashi. Ta tuna rumbu, ta cije.

To a garin nan akwai al'ada: ba a buga ganga da gawa kwance a unguwa. Sai an kai ta an dawo. Da labari ya isa dandali, makaɗa suka sauke ganguna. Bauna ya yi huci ya ce, "Ta rasa ranar mutuwa sai yau?" Malam Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, mu je mu yi maza mu gama, rana ba ta yi nisa ba."

Sai ga gari duka a bakin rariya, kowa da adonsa. Masu gasa kuwa suka lura alƙali yana kallo, kuma an ce kyan hali ma ana duba shi. Nan fa aka buɗe wata gasar.

Barewa ta durƙusa ta ciro tandun kwallinta, ta ce, "Ku bari in sa mata na bankwana. Wayyo ƙawata! Kun ga idanun nan? Ƙanana, masu kunya. Ni nawa ai girma ne kawai."

Zabuwa ta ture ta, ta juye kwalbar turare a kan gawar, ta ce, "Ni ko turaren ma don al'ada na sa. Ita ai da ƙanshinta aka haife ta, wanda ba ya ɓoyuwa."

Hawainiya ta taho tana rangaji, ta warware zane mai ruwan zinariya, ta lulluɓe ta da shi, ta ce, "Tun da na sayo shi na ce wannan na Jaɓa ne. Ba wadda zai yi wa kyau sai ita."

Jaɓa tana kwance tana ji. Zanen yana da laushi, ba ta taɓa jin abu mai laushi haka a jikinta ba. Ta ce a ranta, ashe yau ce jiyan.

Inna ta ɗago kai, hawaye na bin tsinin bakinta. Ta ce, "Da gaske kuke? Auta tawa kyakkyawa ce? Ni idona ya daɗe da tafiya."

Suka haɗa baki, "Ba kamarta, Inna!"

Ta juya inda ta ji muryar alƙali, ta ce, "Malam, kai ne mai gaskiya. Da ta kai dandali, da ta ci?"

Dila ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Wa zai ce wa uwar gawa a'a? Ya ce, "Inna, da ta cinye, ko gardama babu."

Bauna ya ga an samu wurin yin suna, ga shi dama ya gaji da tsayuwa. Ya ɗaga murya ya ce, "To ni na ba ta! Rumbu na marigayiya ne. Zakara, faɗa wa duniya!"

Zakara ya faɗa wa duniya. Mata suka rasa ko guɗa za su yi ko kuka, sai suka haɗa biyun.

Jaɓa ta tattara ƙafafu za ta yi tsalle ta ce na gode. Sai ta ji inuwa a kanta. Malam Dila ne ya sunkuyo kamar mai gyara zane, ya sa baki a kunnenta.

Ya ce, "Marigayiya, gashin bakinki yana motsi."

Jaɓa ta daskare.

Ya ce, "Ki ji da kyau. Gawa aka ba rumbu, ba ke ba. In kin tashi, kin mai da Bauna abin dariya a gaban gari, kin kuwa ga faɗin kofatonsa. In kin ci gaba da kwanciya, rumbu ya zama gado, a raba, malam ma ya sami ladan rabo. Zaɓi ya rage naki. Allah ya ji ƙanki."

Ya miƙe ya ce, "Jama'a, marigayiya ta bar dukiya. Ina dangi?"

Kai! Ashe Jaɓa tana da dangi. Gafiya ta ratso taro tana dukan ƙirji, ta ce ita ce gwaggonta ta wajen uba. Ɓeraye suka fito daga kowane rami, wannan kawu, wannan ɗan kawu, wannan sun sha nono ɗaya. Har Jemage ya sauko ya ce a duba fuskarsa a duba tata. Duk tsawon tarin Inna ba wanda ya taɓa kawo ko kunu. Yanzu ga su sun cika bakin rariya, har ana taka Innar.

Gafiya ta ce, "Ni zan haƙa kabarin da hannuna, yanzun nan. Kada a bar 'yar ɗan'uwana tana jira." Ta fara tono, ƙasa na tashi.

Jaɓa ta ji ƙasar tana zubo mata a kan zane. Ta ce a ranta, yau na saya da tsada. In na tashi, kofato. In na kwanta, rami. Inna kuma ko ta wace hanya tsaba kaɗan za a damƙa mata a mai da ita bakin rariya.

Aka ɗora ta a makarar kara, aka ɗauka. Sai Inna ta riƙe gefen makarar, ta ce, "Ku yi mini alfarma ɗaya. Ku shiga da ita rumbunta, ko sau ɗaya ta kwanta a inda ba danshi. Tun da na haife ta ba ta taɓa ba."

Magada suka ce wannan gaskiya ne, don dama kowa yana son ya ga yawan geron da idonsa. Aka juya da makara zuwa rumbu. Aka cusa ta ciki, aka ɗora a kan gero, Inna ta lalubo ta shiga ta zauna a gefenta. Gafiya ta shiga, ɓeraye suka dunguma, Malam Dila ya zura kai da kafaɗa yana auna tsibin da ido. Wurin ya cika maƙil, ba ta inda iska za ta shiga.

To tun safe Jaɓa take riƙe da abin nan nata da Allah ya ba ta. Ta riƙe shi saboda kunyar turaren Zabuwa, ta riƙe shi saboda zanen Hawainiya. Yanzu ta ce, ai wannan ne kaɗai ban ara ba. Ta saki duka.

Gafiya ce ta fara ji. Ta ce, "Wane ne?" Ɓeraye suka ce, "Ba mu ba ne!" Malam Dila ya buɗe baki zai yi magana, abin ya shige masa har maƙogwaro. Idanunsa suka kawo ruwa, rawaninsa ya warware. Wani ya yi ihu, "Gawa ta fashe!"

Nan aka yi ta tattake juna. Ƙofar rumbu ƙarama, kan Dila ya toshe ta, ɓeraye suna shiga ta wuyan rigarsa suna fita ta ƙasa. Da ƙyar aka zaro shi ta wutsiya. Ya faɗi a ƙasa yana kakari. Bauna ya matso ya ji, ya ja da baya, ya ce shi dai kyauta ya riga ya yi, ba ya karɓar abin da ya bayar.

Dila ya ce, "A zo a yi rabo."

Gafiya ta ce, "Geron da ya sha wannan? Na yafe. Dama dangantakar ta nesa ce."

Ɓeraye suka ce, "Mun yafe."

Jemage ya ce shi da aka duba da kyau ma tsuntsu ne.

Dila ya sake shaƙa, ya ce, "Ladan rabo ma na yafe. Ku shaida."

Aka ce to wa zai shiga ya fito da gawa? Ba wanda ya motsa. Aka ce wa zai fito da tsohuwa? Inna daga ciki ta ce ba inda za ta, a nan 'yarta take. Sai Malam Dila ya yanke hukunci daga nesa, hannu a hanci: rumbu ya zama kabari, an kai gawa, a je a buga ganga. Kafin ya rufe baki gari ya watse. Can sai ga kiɗa yana tashi daga dandali, ana rawa, ba gasa, ba kyauta.

Sai ruwa ya sauko. Na fari, mai manyan ɗigo. Yana dukan jinka yana gangarewa waje, ciki kuwa ko ɗigo.

Jaɓa ta yaye zane ta tashi zaune. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Inna! Inna, ni ce! Wasa ne! Kin ji ruwa? Taɓa ƙasa ki ji, a bushe! Ga gero har baɗi, duk namu!"

Inna ba ta motsa ba. Ta jawo zanen nan mai ruwan zinariya ta rungume, tana shafa shi a hankali.

Ta ce, "Wace ce?"

"Auta ce, Inna. Ban mutu ba. Dabara na yi."

Inna ta ce, "Baiwar Allah, kada ki yi wa tsohuwa ba'a. Auta ta rasu da hantsi. Da hannuna na taɓa ta."

"Inna, taɓa ni yanzu. Ga bakina, ga kunnena."

Inna ta miƙa hannu ta shafa fuskar, tun daga goshi har tsinin baki. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta janye hannun.

Ta ce, "A'a. 'Yata kyakkyawa ce. Duk gari sun faɗa, alƙali ya faɗa, mai shela ya faɗa. Ke kuwa, Allah ya ba ki haƙuri."

Ko ta gane ta ƙi, ko kukan nan ne ya tafi da wani abu da ba ya dawowa, Allah ne masani. Jaɓa ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta tuna mata sunan kakanni, ta rera mata waƙar da take yi mata tana goye. Inna ta ce, "Ita ma ta iya wannan. Amma muryarta ta fi taki daɗi."

Damina ta yi ta zuba, Inna ba ta jiƙe ba. Tarin ya lafa, ta ga kaka, har ta yi ƙiba. Jaɓa ce mai surfe, ita ce mai daka, ita ce mai dama kunu. Ba ta isa ta fita tsakiyar gari ba, don matacciya ce, sai dai ta bi gindin bango da sauri tana 'yar ƙara, wanda ya gan ta ya tofa ya kau da kai. Shi ya sa har yau ko kyanwa ta kama jaɓa ba ta cin ta. Wa zai ci abin da aka riga aka yi wa makoki?

Kullum in ta kawo kunu, Inna takan karɓa ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Zauna in ba ki labarin Auta." Jaɓa ta zauna. Inna ta yi ta faɗa: idanunta masu kunya, ƙanshinta, yadda zane yake yi mata kyau, yadda ta ci rumbu tana kwance ko tashi ba ta yi ba. Jaɓa tana ji, tana gyaɗa kai. Wani lokaci har ta ji tana kewar yarinyar.

In labarin ya yi daɗi sai ta manta, ta matso, ta ɗora kai a cinyar Inna kamar da.

Inna ta ce, "Ɗan matsa can, baiwar Allah. Kina sa wa zanen 'yata wari."

Ƙurunƙus kan jaɓa, mai rai da matacciya. Wanda yake son a yabe shi kyauta, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Amma ya fara gaya wa uwarsa.